Yayen Habu a Gidan Iya Gana

Ranar wata Juma'a ce, a shekarar da na yi famfara, ruwan kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadama, kawunmu ya ɗora ni a jaki tare da ƙanena Habu, ya kai mu ƙauyen kakarmu Iya Gana, can wajen Baturiya. Yaye shi za a yi, kuma a wurinmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa. Ni aka haɗa da shi don raino.

Kwana biyu Habu bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, idanunsa suka faɗa. Na bi shi da ludayin kunu lungu-lungu yana turewa, na yi rarrashi, na yi rawa, har na ɗan mintsine shi don haushi, Allah ya yafe mini. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na ji matan gidan suna raɗa cewa in ya ƙara kwana a haka sai ciwo, ga shi ba a mayar da yaro kan nono bayan an cire shi.

Iya Gana maginiyar tukwane ce, gaggawa ba ta cikin halinta. Da hantsin rana ta uku ta ce, "Ke, sauke mini angon nan nawa, kin ishe shi." Ta zaunar da shi tsirara a gindin tsamiya inda take kwaɓa yumɓu, ta zube masa ƙoƙuna da fasasshen ludayi da guntayen kara da ƙwaryar ruwa, ta juya masa baya ta ci gaba da gininta. Ya daɗe yana shessheƙa. Can ya tsoma yatsa a laka, ya duba, ya shafa a tumbinsa. Ya buga ƙoƙo da kara, ya ji sauti, ya ƙara bugawa. Daga nan ya gano ruwa na zuba daga wannan ƙoƙo zuwa wancan, shi ke nan ya shagala. Ya jefa kara ya ga yana yawo a sama, ya jefa tsakuwa ta nutse, ya leƙa yana nemanta. Na zabura zan wanke shi, tsohuwar ta harare ni. "Bar shi. Laka ba ta kashe yaro, yunwa ce ke kisa."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwaryar ruwan, ta ajiye ta kunun gero mai ɗumi da zuma a gurbinta. Habu ya ci gaba da aikinsa. Ya juye, ya ga wannan ba ya gudu kamar ruwa, ya dangwala, ya kai baki yadda yake kai komai. Rabin kunun ya tafi ƙasa, kaji suka sha gara, rabi ya shiga cikinsa. Ni kuwa na laɓe bayan rumbu na yi ta kuka don daɗi.

Yau ni ce tsohuwa a cikin birnin Haɗeja, tsakar gidanmu daɓe ne sumul, matan yanzu ba sa son yaro ya taɓa ƙasa. Iya Gana ta daɗe da rasuwa, Habu ma ya bi ta bara da furfurarsa, ina kewarsu. Makon jiya aka kawo mini jikata yaye, ta ƙi ci, na iske kaina ina bin ta da ludayi. Na tara mata ƙoƙuna, na juya mata baya, zuciyata na dukan uku-uku. Sai a lokacin na gane Iya Gana ma tsoro take ji ran nan.