Ranar da Na Yi wa Uban Tsohuwa Ihu

A shekarata ta biyu a Greensboro ta Amurka na samu aikin kula da wata tsohuwar Baturiya can McLeansville. Ɗanta ya ce gwajin mako guda ne, mata uku ta kora kafin ni. Ni kuwa tsayuwar ɗaura kaya a sito a Wendover ta ishe ni, ƙafafuna har kumbura suke. Wallahi ina son aikin nan.

Dokarta ɗaya ce: bayan abincin rana a sa kaset ɗin mahaifinta, kuma ko tari kada a yi. Ashe ɗan wasan kwaikwayo ne. Ya daɗe yana yawo gari-gari a jirgin ƙasa yana wasa a dandamali kafin a ɗauke shi fim, tun zamanin da fim ba ya magana. Hoto baƙi da fari, baki na motsi, shiru kake ji.

To ni 'yar Damagaram ce. A silimarmu ba a kallo da baki a rufe, mu ke gaya wa jarumi inda ɓarawo ya ɓuya. Kwana uku ina cije leɓe. Rana ta huɗu, ga uban nata da gashin baki da doguwar hula yana yi wa wata budurwa daɗin baki, wani ƙato na lallaɓowa ta baya da kujera. Ban san sanda na miƙe ba.

"Kai, Baba! Waiga mana! Wace soyayya, za a fasa maka kai!"

Da Hausa fa, har da tafa hannu. Sai na tuna inda nake. Na ce shi ke nan, na kori kaina.

Tsohuwa ta tsayar da kaset, ta ƙura mini ido. "Me kika ce masa?"

"Mama, cewa na yi ya waiga," na fassara mata sauran.

Ta yi ta dariya har sai da na kawo mata ruwa. Sannan ta ce shi fa bai taɓa son fim ba. A dandamali 'yan kallo na yi masa ihu yana mayar musu. A gaban kyamara kuwa, yakan ce kamar bango yake yi wa wasa. Ita ta hana magana ne don girmama shi.

"Tun rasuwarsa ba wanda ya yi masa magana," in ji ta, tana share ido. "Mai da kaset ɗin baya. Gobe ma ki zo da wuri, akwai fim ɗin da yake faɗawa kogi a ciki, yana buƙatar gargaɗi."