Abin Wuyan Karyata

Shekarar da aka rufe bodar Maigatari, manyan motoci suka yi layi ba gaba ba baya, a shekarar aka lalata mini karya.

Ina da gonar wake a bayan garinmu, kusa da Gagarawa Tasha. Shukar baya na yi, saboda haka sai kowa ya kwashe amfaninsa ya saki dabbobi nawa yana nan a fili. Karyar ce ke tsare mini shi. Ja ce, siririya, ba ta da kyan gani. Ba ta shiga cikin gida, ban kuma taɓa shafa ta ba, daga nesa nake zuba mata dusa da ragowar tuwo. Amma bayan la'asar in na tafi ajin yaƙi da jahilci, hankalina kwance yake, don ko akuya ɗaya ba ta isa ta tsallaka kunyar farko ba.

Mai gonar da ke iyaka da tawa taubashina ne, ɗan kawuna, dillalin dabbobi a kasuwar Alhamis. Awakinsa sun fi na kowa yawa da ɓarna. Tun muna yara tsakaninmu wasa ne, ya zage ni in zage shi, ba mai fushi.

Wata rana karyar ta bi ɗansa ta yaga masa riga. Ba ta cije shi ba, amma magana ta kai gaban mai unguwa, aka ce ko in gyara ta ko a sa mata guba. Sai taubashina ya zaro wani abu daga aljihu, baƙar igiyar roba mai ɗan akwati da ƙarafa biyu a ciki, da rimot kamar na talabijin. Ya ce wurin wani direba da ya maƙale a boda ya saye shi.

"Ranka ya daɗe, da wannan ake koya wa karnukan birni ladabi. In ta yi ba daidai ba a danna, wuta ta ɗan ja ta, gobe ba ta ƙarawa." Ya juyo gare ni yana dariya. "Kai ma bawana, da akwai daidai wuyanka da na sayo biyu."

Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Kawo rimot ɗin."

"Kai da yanzu kake koyon baƙi? Bar shi a hannun ubangidanka."

Wani mafarauci aka kira ya ɗaura mata, don babu wanda ke son yawunta ya taɓa shi.

Mako na farko ban ga komai ba, sai dai ta rage cin abinci. Daga baya na fara ganin kashin awaki a tsakiyar gona. Ranar da malaminmu bai zo ba na dawo da wuri, na tsaya bayan wata tsamiya. Taubashina yana zaune a kan iyaka, awakinsa suna cikin wakena. Karyar ta taso da gudu kamar yadda ta saba. Ya bari sai da ta kusa kai musu, ya danna. Ta yi wata ƙara, ta faɗi tana birgima. Ta miƙe ta sake, ya sake dannawa. Babu yaro ko ɗaya a wurin. Ba cizon mutane yake hana ta ba, tsoron akuya yake koya mata.

Na fito na ce, "Wannan shi ne ladabin?"

"A'a, ɗan makaranta! An tashi ke nan? Gwaji nake, kada batir ya mutu."

"Ka kori awakinka."

"To kore su mana, ga karyarka nan." Ya kwashe da dariya.

Na koma wurin mai unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ba a taɓa kawo masa ƙarar taubashi ba, kada in zama na farko. Mahaifiyata ma cewa ta yi ɗan wanta ne, in yi haƙuri. Haƙuri na iya shi, amma wannan karon fushin bai sauka mini ba har yau.

Na kira mafaraucin ya zo cire abin, ta ƙi yarda hannu ya matso wuyanta. Sai da muka danne ta da buhu ya yanke shi da wuƙa. Wurin ƙarafan ya zama gyambo. Gyambon ya warke, tsoron bai warke ba. Ko ɗan akuya ya yi kuka sai ta matse wutsiya ta shige ƙarƙashin bukka. Na daina zuwa aji na koma gadi da sanda, amma mutum ɗaya ba ya tsare kusurwa huɗu.

Bayan girbi ta bar gonar. An ce an gan ta a tasha tana bin masu tsire, na je sau biyu ban same ta ba. Taubashina har yanzu in mun haɗu sai ya ce, "Bawana, ina ɗalibarmu?" Ina amsa sallamarsa saboda Allah, ba na ƙara komai.

Abin da na rasa a kakar nan: wake buhu uku, harawar rani gaba ɗaya, zangon karatu ɗaya, da karya ɗaya.