Kukan Birkin da Baba Bai Ji Ba

A shekarun da mai ya yi tsada har masu motoci a ƙauyenmu suka kafe su a gindin bishiya, kaji na yin ƙwai a ciki, Baba ne kaɗai bai ajiye tasa ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, yana ɗora mata buhunan gero da waken mutane ya kai Ɗambatta ranar kasuwa, in kaya sun yi yawa ya miƙe Dawanau. Ni kuwa dawowata gida ke nan, shagona na birni ya mutu, kuma ko a jikina. Ina ci, ina salla, ina kwanciya. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Tun kafin kaka birkin motar ya fara kuka. Da farko ɗan siririn kuka ne in an taka, alamar takalmin birki ya cinye, yana neman canji. Daga baya ya koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe. Tun daga kwanar firamare ake jin tahowarsa, mata a cikin gida su ce Alhaji ya dawo. Kowa yana ji ban da shi. Kunnen Baba ya daɗe da yin nauyi, ba kuma wanda ya taɓa faɗa masa. In ya ce "Iye?" sai a maimaita, kamar bakin mai maganar ne da laifi. In ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, a ce "Haka ne, Alhaji." Har liman ya ƙara murya wajen kabbara, bai ce don wa ya yi ba.

Inna ce ta tare ni a zaure.

"Motar nan za ta ɗauki rai," in ji ta. "Jiya sai da ta shiga gonar mutane sannan ta tsaya. Kai ne babba."

"Ni ne ɗan fari, Inna. Mutumin da ko sunana ba ya faɗa, ni zan ce masa ba ya ji?"

"To zauna. In ta take ɗan wani, ai kai za a tura gaisuwa."

Ban yi masa magana ba. Na je Ɗambatta na sayo sababbin takalman gaba, na jira safiyar da ya tafi gona. Shagona na birni yana maƙwabtaka da garejin kanikawa, ido ya sha kallon aikin nan. Na tokare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta notina tun motar tana ƙasa, na ɗaga ta da jak. Jak ɗin Baba ba abin amincewa ba ne, sai na mirgino tsohon turmin Inna na tura ƙarƙashi. Na cire taya, na kwance ƙarfen da ke rungume da faifan birki, na zaro takalman. Babu sauran nama a jikinsu, ƙarfe ne tsura yana ƙyalli. Faifan kuma duk ya yi zane, farce yana maƙalewa a ciki.

Ina tsugune na ga inuwarsa a kaina, da fartanya a kafaɗa.

"Wa ya ce a taɓa min mota?"

Na miƙa masa tsohon takalmin da hannu biyu. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya durƙusa ya bi zanen faifan da babban yatsa. Baba ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba, ya san takalmi ba ya kaiwa haka a shiru.

"Ya yi kuka?"

"Ya yi," na ce, kaina a ƙasa.

"Iye?"

Dattawan unguwa suna zaune a gindin darbejiya, ba nisa. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, a gidanmu ba a yi. Na ɗago na kalle shi ido cikin ido.

"Ya yi kuka, Baba! Tun kafin kaka!"

Ya waiwaya wajen dattawan. "Kowa ya ji?"

Kowannensu ya sunkuya yana jan carbi. Na jira in ji kunya, ko tausayinsa, ko da haushi ne. Babu abin da ya zo. Abin da na lura da shi kawai, wani noti yana neman gangarawa cikin yashi, na sa ƙafa na take shi.

Ya jingine fartanyar ya naɗe hannun riga. Tare muka ƙarasa. Shi ya buɗe murfin man birki, ya sa guntun katako da sifana ya mayar da fistin, ƙarfen da ke matse takalman, ciki a hankali, don sababbin takalman sun fi kauri. Faifan ya so canji, amma a shekarar ba hali, muka bar shi. Muka yi ɗaya ɓarin, muka sauke motar, muka ɗaure notina. Ya shiga ya dinga danna birki yana saki har ya yi tauri a ƙafarsa. Ya daɗe zaune hannunsa a kan sitiyari, bai tayar da ita ba.

Ranar kasuwa aka loda buhuna kamar kullum. Ya fito da babbar rigarsa, ya zagaya ta gaban motar ya buɗe ƙofar fasinja. Makulli yana jiki. Masu kaya suka dube ni, na shiga na tayar.

Har muka hau kwalta yana kallon karan dawa da aka tara a gonaki. Daf da Ɗambatta wani garken tumaki ya ratso titi. Kafin in taka, na ga ƙafarsa ta dama ta miƙe da sauri, ta danne ƙasan motar da ƙarfi, inda babu komai sai tsohuwar ledar shimfiɗa. Na tsayar da motar, tumakin suka wuce. Bai janye ƙafar ba sai da muka shiga kasuwa.