Kaset Mai Kukan Gyare

Na daɗe ina wasa da tsofaffin kwamfutoci, ina kwance su ina ɗaurawa, kuma abubuwa da yawa sun shige mini duhu saboda shekaru. Amma akwai wata Alhamis guda a zauren mahaifina a Tambuwal wadda ko tashina aka yi daga barci zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina saurayin malamin lissafi a wata sakandare. Zamanin kuɗin man fetur ne, gwamnatin jihar Sakkwato na ta tura malamai kwas ƙasar waje, ni ma rabo ya kai ni Ingila na wata shida. Abokan tafiyata suka dawo da kwat da agogo da turare. Ni kuwa na dawo da wata 'yar baƙar kwamfuta wadda ba ta kai allon karatu girma ba. Ba ta da fuskar kanta, sai an jona ta da talabijin. Ba ta kuma riƙe komai: da zarar an kashe ta, duk abin da ka koya mata ya tafi. In kana son ajiye aikinka, sai ka haɗa ta da rakoda ka naɗe shi a kaset, irin kaset ɗin da kowa ya sani. In ka saurari kaset ɗin da kunnenka, ba abin da za ka ji sai wani tsiii mai huda kai, kamar kukan gyare.

Turawan da suka ƙera ta ba su san Tambuwal ba, wannan na tabbata. Da bazara ta shigo, sai ta riƙa sumewa da zafi, komai ya tsaya cak. Na ɗauko tiren Inna na ɗora a bakin randa, na ɗora kwamfutar a kai, sanyin ruwa na dukanta ta ƙasa, ta farfaɗo. Wuta ba ta da tabbas, na samo batirin mota. Ƙwaƙwalwarta ta yi mini kaɗan, na sa aka kawo mini ƙari, wani ɗan akwati da ake soka mata a baya. Shi kuma ɗan banzan ba ya zama daram, ko tari ka yi kusa da shi sai ya motsa ya shafe komai. Na yanko robar tsohon tayar keke na ɗaure su tamau. Da wasu maɓallai suka mutu, na buɗe cikinta da bismillah, na ga wata siririyar leda mai ɗauke da wayoyi ta tsage, na datse wurin da reza na mayar, suka tashi. Ranar ji na yi babu injiniya kamata a faɗin jihar.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai burge shi ba, shi ne kuwa wanda nake so ya burge. Mahaifina malami ne, mai kyakkyawan rubutu, har daga Dogon Daji da Sanyinna ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Ni ne ɗansa na fari, kuma kun san yadda abin yake a gidajenmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa dariya, balle a yabe shi. Tun tasowata ban taɓa jin ya ce mini madalla ba. Na san al'ada ce, amma a raina ina zargin har da haushin na bi boko na bar masa alƙalami. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ya wuce ta ƙofar ɗakina ya gan ni durƙushe gaban randa da waya a baki. Ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ƙato da gemu shina wasan yara. In akwatin ga ya iya rubuta baƙi awa na mutane, sannan in yarda aiki akai.”

Na ɗauki maganar nan da zafi. Na samo takardu masu gida-gida, na shiga zana haruffan Larabci irin hannunsa, ɗigo bayan ɗigo, sannan in shigar da kowane ɗigo cikin kwamfutar da lambobi. Harafi guda kan ci mini kwana biyu. Wata uku cur na yi a haka, duk lokacin da na taso daga makaranta. Da na gama, na naɗe aikin gaba ɗaya a kaset guda. Guda ɗaya tak, jama'a, saboda wayona ya yi yawa. Na je na durƙusa na ce wa Malam ranar Alhamis, da yake babu karatu, zan nuna masa.

Ashe ya aika wa taubashinsa na Kebbe. Wannan tsohon, muna ce masa Baban Kebbe, shi kaɗai ne a duniya yake iya tsokanar Malam ya kwana lafiya. Da hantsi ya sauka daga mota yana shelar ya zo ganin akwatin da zai ƙwace wa malamai sana'a.

Na kwaso kayana zuwa zaure: talabijin, batir, randa da tirenta, da rakoda. Rakodar ta gida ce, kowa na amfani da ita. Na tarar da kaset ɗina a ciki, na ɗauka ni na bar shi. Na mayar da shi farko, na jona wayoyi, na danna. Muka zuba wa talabijin ido. Shiru. Na sake. Shiru. Na bi wayoyin ina dubawa. Malam na jan carbi yana kallon rufin zaure. Na ce bari in zare wayar in ji ko ƙarar ce ta yi ƙasa. Ina zarewa, maimakon kukan gyare, sai muryar mahaifiyata ta cika zauren.

“Salamu alaikum, ɗiyata, kuna lahiya? Ya maigidan naki, ya yara? Ga daddawa nan da kuka na ba direba, ki duba da kyau, ƙulli fuɗu na.”

A zamanin haka iyayenmu mata ke aika wasiƙa. Ƙanwata na aure a Kaduna, Inna kuwa ba ta boko, sai ta naɗi maganarta a kaset ta ba direba. Na gane abin da ya faru nan take: a kan kaset ɗina ta naɗi wasiƙarta, ba ta kai ga ba direba ba. Na kai hannu zan kashe, Baban Kebbe ya cafke mini wuyan hannu.

“Bari! Tun daga Kebbe nit taso don in ga abin mamaki. Wallahi ba a kashe shi.”

Inna ta ci gaba da abinta. “Wancan yayan naki kau sai addu'a. Tun da yaz zaka da akwatin ga ba shi cin tuwo sai ya yi sanyi. Ya ɗauke min tire, ya ɗauke min randa, shina jiƙa akwati awa mai jinya.” Baban Kebbe ya fara kyarma da dariya. Sai muka ji ta rage murya. “Amma ki ji wata magana, kar ki hwaɗa ma kowa. Malam da kika gani shina ɗaure mai fuska, duk kunya ta. Da yayanki ya tahi makaranta, sai shi shige ɗakin nai shi ɗauko takardun ga masu gida-gida, shi zamna shina dubi. Ran nan da tawada nig gane shi, shina gyara mai haƙoran harafin sin. Yac ce min, duk cikin ɗiyanai babu mai haƙurin rubutu awa wanga, hannun kakanai gare shi.”

“Kashe abin ga!” in ji Malam.

Ban taɓa ganin mahaifina ya rasa inda zai sa fuskarsa ba sai ranar. Ya ja rawani ya rufe baki, ya miƙe yana neman takalmi, ga su kuwa a gabansa. Baban Kebbe ya kwanta a tabarma yana share hawaye. “An ce min akwatin rubutu shikai, ashe har asirin malamai shika tonawa! Malam, zamna mana, ba a ƙare ba!”

Ni kuwa na kasa dariya, na kasa kuka. Sai a lokacin na tuna wasu ɗige-ɗigen baƙar tawada da nakan tarar a takarduna, alhali ni da fensir nake aiki. Nakan bi su in shigar, don na ga sun fi nawa kyau, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina suka fito ba.

Na shiga cikin gida na sami Inna tana tankaɗe. Na ce, “Inna, aikina na wata uku kika shafe.”

Ko a jikinta. Ta ce, “Wane aiki? Kaset uku nit tarar. Na hwarko tafsiri, na biyu karatu. In shahe maganar Allah saboda daddawa? Na ukun kau na saurara, babu komi ciki sai kukan gyare. Nic ce wanga ya lalace, bari in yi mai amfani.”

Ta ina za ka fara gardama da wannan? Na ce mata to, ai saƙon nata ya isa, amma ba Kaduna ba, zaure ya isa, gaban Malam da baƙonsa. Ta saki rariya, ta dafe ƙirji, ta saka salati. Don kunya, kwana biyu ba ta yarda sun haɗa ido ba, ƙanwar babanmu ce ke kai wa Malam abinci.

Aikin dai ya tafi, babu ko ɗigo. Na zauna a ɗaki ina duban takardun, ina tunanin ta inda zan sake farawa. Ranar Asabar da la'asar na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Malam ne, riƙe da kurtun tawada da alƙalami. Bai shigo ba, bai dube ni ba.

“Kawo takardun ga zaure. Wutsiyar mim ɗinka ta cika tsawo.”

Haka muka sake shi tare, shi yana ɗigawa da tawada, ni ina shigarwa. Ba ma hira, sai dai ya nuna da bakin alƙalami in gyara. Cikin sati uku muka gama, na kuma naɗe shi a kaset uku, na ɓalle musu 'yan kunnuwan nan da ke hana a naɗi wani abu a kai. Ranar da haruffan suka fito a talabijin, manya-manya, daga dama zuwa hagu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Sin ta gyaru.” Ya tashi ya tafi alwala. Har ya bar duniya, iyakar yabon da na samu daga bakinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kowa ne bakinsa ke iya faɗin abin da ke zuciyarsa ba, musamman iyayenmu na da. Na yi shekaru ina kasa kunne ina jiran kalma ɗaya, ina jin haushi ba ta zo ba, alhali mutumin yana shiga ɗakina a ɓoye yana gyara mini aiki. In kana son sanin wanda ke ƙaunarka, kada ka tsaya jiran ya faɗa. Duba aikinka da kyau, ka ga hannun wa ya taɓa shi.