Cinikin da Kawu Ya Yi a Kan Autanmu

Autanmu ɗan dambe ne, kuma daga Sule Tankarkar har Gagarawa ba wanda ya taɓa kai gwiwarsa ƙasa. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa duk ranar wasa ni ce ke fargaba, ba shi ba.

Wata shekara wasu baƙi suka zo daga Legas, sun ga wasansa a waya. Suna shirya faɗan nan na cikin keji, wanda ake naushi da shuri da kokawa duk a haɗe. Suka ce akwai kuɗin shiga fili, ko ya ci ko bai ci ba, in ya yi nasara kuma a ƙara masa. Kuɗin mota da na zaman koyo dai daga aljihunsa.

Kawunmu dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ya ce ba mai yin cinikin nan sai shi. Aka zauna a zaurenmu a Gumel, ni ina bayan ƙofa ina kasa kunne.

"Kuɗin shiga fili na ragwaye ne," in ji Kawu. "A dambe wanda ya yi kisa ake yi wa liƙi. Ku cire wancan gaba ɗaya, ku ninka na nasara."

Baƙin suka amince kafin ya rufe baki. Ƙosai nake sayarwa, amma na san in mai saye bai taya ba, akwai abin da ya gani wanda ban gani ba.

Da suka tafi na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, in aka ci shi fa?"

"Ke 'yar nan, ba a sayar da bijimi da kuɗin maraƙi. Yaushe aka taɓa cinsa?"

Yaron ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya tafi Legas. Sana'arsa ke nan duka. Na rame a watannin nan.

Ranar wasan, bayan la'asar, muka taru kan wayar maƙwabcinmu. Ba a daɗe da farawa ba autanmu ya sakar wa abokin karawarsa naushin dama, mutumin ya zube. Kawu ya yi kabbara.

A dambe, da mutum ya taɓa ƙasa an gama, kuma abin kunya ne ka bi wanda ya faɗi da duka. A keji ba haka ba ne, sai alƙali ya tsayar. An gaya wa ƙanena, ya sani sarai, amma jiki bai sani ba. Ya ja da baya, ya ɗaga hannu sama, ya juya yana neman 'yan kallo. Mutumin ya miƙe, ya shaƙe shi ta baya, suka faɗi tare. Ina gani ƙanena ya bubbuga ƙasa yana neman a sake shi.

Kawu ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari yaron ya kira ni. Ban yi maganar babur ba, na ce ya dawo gida kawai, zan aika masa na mota.

"Yaya," ya ce, "amma kin ga ni na fara kayar da shi, ko?"

Na ce na gani.