Ka da Ki

A gidanmu na Bungudu, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Inna Dije, mahaifiyar babanmu. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana ba mu tatsuniya. Ba ta yarda a katse ta, amma wata rana yayana Mamman ya riga ta buɗe baki.

Mamman yana aikin awon auduga a Gusau, wani akawu yana koya masa Turanci. Mamman ya ce ai in za su yi magana da mutum, Turawa kalma guda gare su, "yu", ko namiji ake nufi, ko mace, ko taron jama'a.

Inna ta ajiye muciya. "To wanga harshe, ƙaƙa mutum ka gane da shi ake? Ku matso, ga wata ta taho."

Ta ce an yi wani makiyayi a dajin Tsafe, saniyarsa guda tal, haihuwa ta zo mata a gicciye. A cikin gari akwai wata mata da ta iya juya ɗan maraƙi a ciki, mijinta kuwa masaƙi ne. Makiyayin ya tare wani matafiyi, ya kwatanta masa gidan, ya ce, "Ka ce ina roƙo, ki taho da sauri." Matafiyin ya tarar da su biyu a zaure. A ransa ya ce namiji ai namiji zai kira, sai ya ce, "An ce ka taho da sauri." Masaƙi ya ɗauki sanda ya tafi. Ya isa ya tsaya yana kallon saniya, bai san inda zai sa hannu ba. Kafin a koma a zo da matar, saniya ta mutu.

Mu yara dariyar masaƙin muka yi. Inna ba ta yi ba.

Bayan shekaru na koyi Turancin ni ma, na zama tafintan wani likita Bature a Gusau. Wata safiya wani manomi ya zo da matarsa, shi yana tari, ita tana zazzaɓi har ba ta iya tsayuwa. Likita ya duba su, ya ajiye kwalbar magani guda a tebur, kansa a sunkuye yana rubutu, ya ce da Turanci, "yu", a sha safe da yamma. Mijin ya miƙa hannu. "Ka sha" ya zo mini har kan harshe, na haɗiye shi.

Na tambayi likita wanne daga cikinsu. Ya ɗago a ƙufule, ya nuna matar da alƙalami.

"Ki sha, safe da yamma," na ce. Mijin ya miƙa mata kwalbar.

A ranar na fahimci cewa abin da Hausa take ɗora wa ƙaramar kalma, Turanci yakan bar wa ido da tambaya. Bayan mako biyu matar ta dawo daga ƙauyensu da ƙafarta.