Glenys, Uwar Bushiyoyi

Manjagara, safar hannu, kwali biyu, tsohon bargo, fulas ɗin shayi. Abin da ke cikin baro ke nan. Ni nake turawa, Glenys Ackroyd tana gaba da sandarta, muna gangarawa tsakanin lambunan haya na bayan layin dogo. Biyar ga Nuwamba ce, ranar da kowace unguwa ke cinna babbar wuta.

Ta haura shekara talatin tana kula da lambunan nan, ba ko sisin albashi. Kullum takan riga kowa isowa. Ta ɗaga ganyen kabeji, ta tsince katantanwa cikin bokiti, ta leƙa tsohon bahon da ta binne wa kwaɗi ko ruwansa ya ja baya. Haka na bar ta da na tafi karatu Kanada. Haka na dawo na same ta, sandar ce kawai sabuwa.

Ita ta hana zuba guba a nan. Shekarar da katantanwa ta cinye latas ɗin kowa, Norris Haigh, mai lambun bakin ƙofa, ya zo da gwangwanin magani. Ta tare shi.

"Bushiya ta ci abin da ka kashe, ita ma ta mutu. Baɗi wa zai yi maka farautar?"

"To in yi yaya, uwar bushiyoyi?"

"Binne kofi ka zuba giya. Da kansu za su faɗa."

"Giyata? Ni ma ba ta isata."

"Tumbinka bai ce haka ba."

Ya binne kofin. Sunan kuma ya bi ta.

Ita ta huda ƙasan kowane shinge don bushiya ta sami hanya. Ita ta tsaya kai da fata a bar kusurwar ciyawa mai ƙaiƙayi, wadda kwamitin lambunan ke kira ƙazanta, domin a can ƙwarin da ke cin ƙwarin wake suke fakewa.

Sai maganar wuta. Mutane kan yi makonni suna tara tsibin katako da rassa, bushiya mai neman wurin barcin sanyi kuwa gida take gani. Shi ya sa duk shekara, ranar cinnawa, Glenys ke rushe tsibin ta sake tara shi gefe. Wata shekara samari suka ƙi, wai an makara. Ta hau tsibin ta zauna da shayinta. Da suka gaji suka kwashe, sai ga bushiyoyi a dunƙule a ƙasa. Norris ne ya riƙe kwalin da aka kwashe su a ciki.

Bana gwiwa ta ƙi. Wata mai zuwa za ta koma wurin 'yarta a bakin teku. Tsibin yana nan ya fi mutum tsawo, kwamiti kuma ya ce a cinna shi inda yake, tunda ba mai kwashewa.

Glenys, ke ce kika koya mana a duba kafin a kashe. Ba ki taɓa yi mana wa'azi ba, bokiti kike miƙo wa mutum. Duk kabejin da muka ci a unguwar nan akwai guminki a ciki. Mun gode. Mai lambu kuma, a duk inda yake, ya huda shingensa, ya ɗaga tsibinsa kafin ya ƙyasta ashana.

A ɗakin ajiyar kaya, inda kananzir da ashana suke, ta miƙo mini makullin ɗakin, wato in gaje ta.

"Ba dole, ɗan nan," in ji ta.

Norris ya leƙo ta kan shinge. "Malam na Kanada, hannun biro zai iya katako kuwa?"

Na ja ƙofar na datse, na jefa makullin a aljihu.

"Ba mai taɓa ashana sai an kwashe tsibin nan, bana da kowace shekara. Norris, ɗauko kwali."